Mun Rufa Asiri, Aka Kira Mu 'Yan Asiri

Na riƙe shugabancin wata ƙungiyar 'yan'uwantaka a garin Jos har tsawon shekara ashirin da bakwai, kuma a cikin waɗannan shekaru babu irin sunan da ban ji an laƙaba mana ba. An ce mu 'yan ƙungiyar asiri ne, an ce muna da gunki a cikin baƙin akwati, har wata maƙwabciyarmu a Gangare ta taɓa hana 'ya'yanta cin naman layyar gidana. Ban taɓa tsayawa a bainar jama'a na wanke kaina ba, domin yin haka yana nufin in buɗe littafin da na yi alkawarin rufewa. Yanzu na sauka, yawancin waɗanda littafin ya shafa sun riga mu gidan gaskiya, kuma shugabannin da suka gaje ni sun amince in bayyana yadda abin yake, bisa sharaɗin ba zan kama sunan kowa ba, har da sunan ƙungiyar kanta.

Ƙungiyar ta girme ni. Mahaifina mutumin ƙasar Katsina ne, kuma ba da son ransa ya zo Jos ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Jafan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila a farkon 1942, Turawa suka rasa babban wurin da suke samun kuza, sai suka juyo kan tudun Filato, suka ɗora wa sarakunan Arewa nauyin tattaro ƙarti zuwa aikin haƙa. Wannan shi ne abin da iyayenmu suke kira diban gwamna, kuma an yi shi daga 1942 zuwa 1944. Aka kwaso mutanen da suka saba da zafin Katsina da Sakkwato da Barno, aka zube su a barikokin Bukur da Barikin Ladi, cikin sanyin da ba su taɓa ji ba, ga tsayuwa cikin ruwa tun asuba ana wanke kuza, ga ƙarancin abinci. Ciwon haƙarƙari ya yi ta ɗibar su.

Abin da ya haifi ƙungiyar, kamar yadda na ji daga bakin waɗanda suka kafa ta, rasuwar wani saurayi ce a barikinsu, wanda ko sunan ƙauyensu babu wanda ya sani. Aka nemi likkafani aka rasa, aka naɗe shi da tsohuwar tabarma da buhu, aka binne. A daren nan mutum bakwai suka zauna a bakin wuta, suka yi alkawarin cewa daga ranar ba za a sake binne wani a cikinsu babu sutura ba. Ranar biya kowa ya riƙa fid da ɗan abin da ya sawwaƙa, har suka sayi bandir ɗin alawayyo suka ajiye a akwatin ɗayansu, kuma wannan bandir shi ne jarin farko na ƙungiyar. A cikin bakwai ɗin akwai Hausawa huɗu, da Babarbare, da Banufe, da wani Birom Kirista wanda shi ne ya nuna musu inda za su haƙa kabarin, ya kuma taya su haƙa.

Da aka daina diban gwamna mahaifina bai koma gida ba. Ya sami aikin masinja a wurin wani Bature, manajan kamfanin kuza a wajen Rayfield. Baturen yana da wata 'yar jakar fata da ba ya barin kowa ya buɗe, amma wata rana ruwan sama ya jiƙa ta, ya sa mahaifina ya shanya abin da ke ciki: wani farin ƙyalle da ake ɗaurawa a ƙugu, da farar safar hannu, da ƙaramin littafi. Sau ɗaya a wata yakan ɗauki jakar da yamma ya tafi wani taro da kuku da boyi ba su san abin da ake yi a cikinsa ba. Sai da na girma na yi karatu na gane cewa mutumin ɗan ƙungiyar Firimesin ne, wadda malamanmu ke kira Masuniyya, wadda aka kafa babbar majalisarta ta farko a Landan a 1717, mai matakai uku ga mai shiga, kuma kowane reshe yana zaɓen shugabansa shekara-shekara. A Kudu kuma akwai sabuwar Ogboni, wadda wani limamin cocin Angilikan mai suna Ogunbiyi ya kafa a Legas a 1914, kuma akawuna da 'yan kasuwa Yarabawa sun zo da labarinta Jos. Mutanen gari ba su bambance wannan da waccan ba, duk taron maza da aka rufe ƙofa a wurinsu abu ɗaya ne. Mu ba mu da alaƙa da ko ɗaya daga cikinsu, sai dai ba zan ɓoye ba cewa mahaifina ya kwaikwayo abubuwa biyu daga ofishin Baturen, wato rubuta duk abin da aka yanke a taro, da kuma hana mutum ɗaya buɗe ma'ajiyar kuɗi shi kaɗai. Daga nan baƙin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku ya samo asali, makulli ɗaya a hannun Shugaba, ɗaya a hannun Ma'aji, ɗaya a hannun Magatakarda.

Dokar da ta jawo mana suna kuwa tasu ce ta kansu. Tsofaffin nan sun lura cewa magidanci ya gwammace ya kwana da yunwa da a ji a gari an yi masa karo-karo. Saboda haka suka tsayar cewa duk wanda aka taimaka wa, masu makullan nan uku da wanda ya kai kayan ne kaɗai za su san shi, a littafi ba a rubuta suna sai lamba, kuma ba a kai taimako da rana. Mai kai kaya yakan ajiye buhu a zaure bayan sallar isha, ya juya babu sallama. Wanda zai shiga kuma sai ya dafa littafin addininsa ya rantse ba zai faɗi abin da ya ji a taro ba. Duk wanda ya haɗa rantsuwa da baƙin akwati da tafiyar dare, ba zai ga laifin masu zarginmu sosai ba.

Ina ɗan shekara goma sha biyu mahaifina ya rasu, saura 'yan watanni a sami 'yancin kai a 1960. Ya bar mahaifiyata da mu biyar a ɗaki biyu na haya. Tun tana cikin takaba, duk farkon wata sai mu wayi gari mu tarar da rabin buhun dawa a zaure, wani lokaci da kwalbar manja a gefensa, kuma idan na je makaranta sai hedimasta ya ce an riga an biya kuɗina. Mahaifiyata ta ɗauka wani ne da mahaifina yake bi bashi yake biya a ɓoye saboda tsoron Allah, ta kuma sa shi cikin addu'arta bayan kowace sallah.

Bayan an gama yaƙin basasa a 1970 na sami aikin akawu a wata ma'aikatar gwamnati. Aminin mahaifina, wanda duk muke kira Baba Shugaba, ya aika aka kira ni shagonsa na ɗinki, ya ce: "Ɗana, shekara goma ke nan gurbin mahaifinka babu kowa." Na je taron farko ne don kunyarsa kawai. A ranar ne wani kafinta Inyamuri, ɗan ƙungiyar da ya gudu a tarzomar 1966, ya dawo babu komai sai rigar jikinsa. A gabana aka buɗe kwaɗo uku, aka ciro wani ƙullin tsumma da lambarsa a jiki, aka ƙirga masa duk zubin da ya taɓa yi, aka ƙara masa abin sayen zarto da guduma. Na fita daga taron na san cewa zan dawo.

Ranar 1 ga Janairu 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ɗaya kwabo goma. Magatakardanmu da ajami yake rubutu, idonsa kuma ya fara rauni, sai aka ɗora mini aikin juya tsohon littafin zuwa boko da mayar da lissafinsa naira. Tare da littafin aka ba ni makulli na uku da takardar lambobi, wadda ita kaɗai ce ke nuna wace lamba ce ta wane. Na yi makonni ina aikin da dare a gaban fitilar ƙwai. Wani dare na lura da lamba goma sha tara tana ta maimaituwa wata bayan wata har shekara bakwai: dawa rabin buhu, manja kwalba ɗaya, kuɗin makarantar yaro. Na jawo takardar lambobi na bi da yatsa, sai ga sunan mahaifina. A gefen kowane layi kuma akwai lambar wanda ya ɗauki buhun ya kai, kuma yawanci mutum ɗaya ne, wani helma, wato shugaban leburori, na kamfanin kuza da nake gaisarwa kullum a hanyar masallaci. A lokacin mahaifiyata tana ɗakin da ke kusa, ina jin motsin carbinta.

Da gari ya waye na tafi wurin Baba Shugaba na roƙi izinin in gaya mata. Bai ɗaga kai daga kan keken ɗinkinsa ba, ya ce: "Idan ka gaya mata, gobe da wace fuska za ta gaisa da matan waɗanda suka ciyar da ita? Bar ta da mai bashinta." Na bar ta. Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya tana yi wa mutumin da babu shi addu'a, ni kuma ina cewa amin.

A 1977 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta hana ma'aikatan gwamnati zama 'yan ƙungiyar asiri, kuma a ma'aikatarmu wani ya kai sunana. Shugaban sashenmu ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya turo mini takarda, ya ce: "Malam, an ce kana riƙe da makullin wani akwati. Ko dai ka sa hannu cewa ba ka cikin kowace ƙungiyar asiri, ko kuwa ka faɗi abin da kuke yi." Na roƙi kwana biyu. Da na kai wa Baba Shugaba maganar sai ya yi dariya, ya ce in je in ce masa mu ba mu da asiri, na mutane muke rufawa. Amma bai tsaya a kan dariyar ba. Ya kira taro, ya gayyato limamin unguwa da wani fasto, aka buɗe akwatin a gabansu, suka ga alawayyo da kuɗi da littafi, suka ji yadda ake aiki. Liman ya kawo hadisin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarsa, wanda a cikinsu akwai mai sadakar da hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba, fasto ya ce akwai magana irin wannan a Linjilar Matiyu. Sai dai liman bai bar mu haka ba. Ya ce bai dace a sa mutum ya dafa Alƙur'ani ya rantse a kan abin da bai riga ya ji ba, kuma wannan rantsuwa ita ce ƙofar da zargi yake shigowa. Wasu tsofaffi sun ji haushi, amma daga ranar aka soke rantsuwar, aka mayar da ita alkawari a gaban shaidu biyu. Na koma na sa hannu a takardar da zuciya ɗaya, duk da haka sai da aka tsallake ni a ƙarin girma har sau biyu ba tare da an faɗa mini dalili ba.

Shekarun da suka biyo baya sun gwada amanar 'yan ƙungiyar. A watan Afrilu 1984, da gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun kuɗi aka ba da 'yan kwanaki kawai a canza, mun raba kuɗin akwatin ga mutane da dama suka bi layin banki, kuma ko kwabo bai ɓace ba. A watan Oktoba 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar Landan, kamfanonin da dama can suna tangal-tangal suka yi ta sallamar ma'aikata, sannan a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta karye. A cikin wannan hali Baba Shugaba ya rasu, aka zaɓe ni a 1987, ni ne mafi ƙarancin shekaru a cikin masu makulli.

A nan ne na yi kuskuren da har yau yake cina. Masu neman taimako sun yi yawa, zubi ya yi ƙasa, ni kuma ina so in nuna cewa yaron da aka ɗora ba lusari ba ne. Na kawo doka cewa duk wanda ya yi wata uku bai yi zubi ba, za a karanta sunansa a taro. Ma'ajinmu na lokacin, wanda ya haife ni a shekaru, ya ja ni gefe ya ce: "Shugaba, sunan mai bashi ma asiri ne." Na ba shi amsa irin ta akawu, na ce dokar magabata ta shafi wanda aka ba ne, ba ta shafi wanda ya ƙi bayarwa ba. Ranar taro na miƙe na karanta sunaye goma sha ɗaya, kuma na shida a cikinsu shi ne helman nan da ya yi shekara bakwai yana ɗaukar dawa a ka zuwa zaurenmu. Na ga sunan tun kafin in shigo, na kuma gaya wa kaina cewa adalci ba ya duban fuska. Tsohon ya tashi a hankali, ya gyara hularsa, ya ce: "Shugaba, Allah ya ba ka haƙuri, ban san na kai haka ba." Ya ɗauki takalmansa a bakin ƙofa ya fita, kuma babu wanda ya iya cewa uffan.

Bayan kwana biyu na sami labarin cewa an sallame shi daga aiki tun bara, matarsa tana kwance, har kekensa ya sayar ya sayi magani. Na sa aka kai masa buhu da dare kamar yadda aka saba. Da asuba na fito alwala na tarar da buhun a zaurena, a jingine daidai inda shi da kansa yake jingine namu a da, domin babu wanda ya fi shi sanin wannan aiki. Na sake aikawa, ya sake dawowa da shi. Sau uku ina zuwa gidansa ina durƙusawa, kowane zuwa yakan ce: "Na yafe, ɗana, tashi," ya sa a kawo mini ruwa, amma bai sake taka ƙofar taronmu ba. Da ya rasu bayan shekara biyu, babban ɗansa ya karɓi likkafani daga hannunmu, ya ce mahaifinsu ya yi wasiyya cewa wannan kam haƙƙinsa ne, don a kan likkafani aka yi alkawarin farko. Na soke dokar karanta suna a taron da ya biyo bayan fitarsa, kuma tun daga lokacin idan mutum ya makara da zubi, Ma'aji ne yake zuwa gidansa shi kaɗai, ya fara tambayar lafiyar iyali kafin ya ambaci kuɗi. Sau da yawa mai bashin nan shi ne yake zama sabuwar lamba a littafi.

Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, wani matashin lauya, ɗan wani marigayi daga cikinmu, ya zo taro da kundin tsarin mulki a hannu. Ya karanta mana sashe na 38, wanda ya ce 'yancin addini bai ba kowa damar kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta ba, sannan ya karanta sashe na 318 inda aka fassara ta. A cikin fassarar akwai ƙungiya mai alamu da rantsuwa ta ɓoye wadda take fifita 'ya'yanta ba tare da duban cancanta ko adalci ba, akwai kuma wadda jama'a ba su san ayyukanta ba, ana ɓoye sunayen 'ya'yanta, ana yin taronta a ɓoye. Ya ce ta farkon ba ta shafe mu ba, amma ta ƙarshen tana iya kama gefen rigarmu. Shawararsa muka bi. Muka yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a Abuja da sunayen amintattunmu, muka mayar da taro ajin wata makarantar firamare da ƙofa a buɗe, muka buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku, muka fara karanta jimillar shiga da fita a ƙarshen shekara. Abu ɗaya ne muka ƙi saki, shi ne sunan wanda aka taimaka wa. Lauyan bai karɓi ko sisi ba, ya ce mahaifinsa yana son ƙungiyar, ni kuwa na san wace lamba ce ta biya kuɗin karatunsa, na yi masa godiya na yi shiru.

Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 rikici ya ɓarke a Jos, kuma kafin ya lafa garin ya rabu gida biyu. Unguwannin da muka tashi muna cuɗanya suka zama wuraren da mutum ba ya shiga sai ya duba addininsa. A lokacin kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan ƙungiyar Kiristoci ne, Ma'ajinmu kuma jikan Birom ɗin nan ne da ya nuna wurin kabari. Makarantar da muke taro ta faɗa ɓangare ɗaya, saboda haka muka yi watanni ba mu haɗu ba. Wasu daga ɓangarorin biyu suka aiko mini cewa a raba asusun kowa ya kama gabansa, kuma ba zan ce ba su da hujja ba, domin a cikinsu akwai wanda ya binne ɗansa. Na ƙi, amma ba jarumtaka ce ta sa na ƙi ba. Na rasa yadda zan dubi Ma'aji in gaya masa cewa rabon kakansa a cikin bandir ɗin farko kamu kaza ne.

Mu uku masu sa hannu muka riƙa haɗuwa a harabar banki a kan titin Ahmadu Bello, mu zauna cikin motata da littafi a cinya. Dokar hana fita da shingayen sojoji sun kashe mana kai kaya da dare, sai muka koma amfani da waɗanda sana'arsu ta ba su damar ƙetarawa, musamman wani direba mai ɗauko dankalin Turawa daga wajen Bokkos da wasu mata masu sayar da kayan miya. Ga Musulmi mu ba da likkafani, ga Kirista mu biya akwatin gawa, ga wanda aka ƙone wa gida mu biya hayar ɗaki ɗaya. Ba mu farfaɗo ba sai ga gobarar babbar kasuwar Tarminus a watan Fabrairu 2002, wadda ta cinye shagunan yawancin 'yan kasuwarmu a dare ɗaya. A karon farko masu karɓa suka fi masu zubi yawa, asusun ya ƙare ƙarƙaf, na dakatar da zubi na shekara guda. A lokacin kowa ya san kowa ya talauce, babu sauran abin ɓoyewa, amma Magatakarda ya ci gaba da rubuta lamba a maimakon suna, kuma babu wanda ya ce ya daina.

Ba zan ce mun fita lafiya ba. Rikicin Nuwamba 2008 da na Janairu 2010 sun ƙara nisanta unguwanni, kuma 'ya'yan 'yan'uwanmu Kiristoci kaɗan ne suka gaji gurbin iyayensu. Yau ba su kai goma ba. Wannan ya faru ne a ƙarƙashin shugabancina, kuma ban sami dabarar hana shi ba.

Gardamata ta ƙarshe da matasanmu ce. Wayar hannu ta zo, aika kuɗi ta banki yana nuna sunan mai aikawa, su kuma suna so a riƙa ɗaukar hoton rabon kaya ana sawa a Facebook don masu hannu da shuni su gani su taimaka. Sun faɗi gaskiya cewa a wannan zamani kuɗi yana bin abin da ido ya gani, kuma ƙungiyoyin da aka kafa jiya sun fi mu tara gudummawa. Ni kuma na ga hotunan da ake yaɗawa, inda ake tsayar da matar mamaci ta rungumi ƙullin shinkafa tana kallon ƙasa. Muka daidaita a kan cewa a ɗauki hoton buhuna da rasit, ba a ɗaukar fuska, ba a ɗaukar ƙofar gida. Bayan tashin bama-bamai a wajen Tarminus ranar 20 ga Mayu 2014, na yini ina bin asibitoci ina neman mutanenmu, da dare gwiwoyina suka ƙi ɗaukata, na gane cewa aikin ya fi ƙarfina. A taron ƙarshen shekarar na miƙa makullina.

A hunturun da ya wuce sabon Shugaba ya zo gidana da baƙin akwatin a bayan mota, tare da Magatakarda da tsohon Ma'ajina, wanda ya taso tun daga Bukur da sanda a hannu. Gara ta fara cin tsofaffin takardu, kuma suna tsoron ranar da takardun lambobi za su faɗa hannun wanda bai san darajarsu ba, alhali jikokin waɗannan lambobi yau akwai alƙali da likita da ɗan siyasa a cikinsu. Muka yanke cewa littattafan lissafi za su zauna, amma takardun da ke haɗa lamba da suna, na duk wanda ya rasu, za a ƙone su. Aka hura gawayi a kurfoti a tsakar gida, muka kewaye shi kamar masu jin ɗumi. Magatakarda yana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya, ina dubawa ina sawa. Da muka zo kan ta ajamin nan mai lamba goma sha tara, wadda sunan helman yake layi huɗu a ƙasan na mahaifina, na daɗe ina riƙe da ita, har Shugaba ya ce: "Baba, ko a bar maka wannan?" Na ce a'a, na sa ta da hannuna, Ma'aji ya tura ta tsakiya da bakin sandarsa. Da wutar ta mutu suka ciro alawayyon da ke ƙasan akwatin suka auna, aka tarar saura bandir ɗaya da rabi, Magatakarda ya rubuta cewa a sayo biyu kafin ƙarshen wata.